Ciyawa ta toshe tafkin unguwa: shin baƙon kifi ne maganinta?

Tun da jama'a suka fara komawa garuruwansu da yaƙi ya kore su daga ciki a jihohin Jazira da Sinnar na Sudan, musamman bayan sojoji sun karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, akwai maganar da ba ta ƙarewa a majalisun ƙofar masallaci. Ruwan da aka gudu aka bari a buɗe, an dawo an same shi a toshe. Tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa hawasha (gonar ban-ruwa), ta cika da laka da ciyawa. Hafir, ramin da ake haƙawa don tara ruwa, ya koma kamar fadama. Tafkin bayan gidaje, inda yara ke kamun karfasa mata kuma suke wanki, ya zama kore shar, mutum ya tsaya a bakinsa ba ya ganin komai sai ganye.

A unguwarmu maganar ta kai ga musu. Wani matashi da ya yi zaman gudun hijira a Masar ya dawo da labarin cewa a can wani kifi ake zubawa a magudanan ruwa, shi ke cinye ciyawar, ba feshi ba lauje. Ya ce a haɗa kuɗi a nemo 'ya'yansa a zuba a tafkinmu. Wani dattijon masunci da ya tsufa a bakin Shuɗin Nilu ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce: "Ɗana, kifin nan naka wace ciyawa yake ci? In kuma ya gama da ita, me zai koma yi?" Matashin ya ce: "Baba, ai ciyawa ciyawa ce."

Labarin da yaron ya kawo gaskiya ne, ana yin haka a Masar. Amma amsar da ya ba dattijon kuskure ce, kuma kuskuren da mutane da yawa ke yi ke nan. Tambayoyin nan biyu na tsohon masunci su ne duka batun, su zan bi.

Wace ciyawa ake nufi?

Ciyawar ruwa iri uku ce in aka duba yadda take zaune, kuma kowace da maganinta.

Akwai mai yawo a saman ruwa, saiwarta ba ta taɓa ƙasa. Tsohuwar kainuwar da kakanninmu suka sani tana cikin wannan rukuni, ita ce ta karin maganar nan, kainuwa dashen Allah. Sai dai wadda ke ba mutane wahala a yau wata ce daban: ganyenta mai sheƙi, ƙafarta a kumbure kamar ƙaramar gora, furenta ruwan shuɗi mai kyan gani. Larabawan Sudan suna ce mata a'ashabun Nil, mutanen Masar wardun Nil, mu kuwa da ba mu da suna nata sai muka ara mata na kainuwa. Zan kira ta baƙuwar kainuwa don a bambanta.

Akwai mai kafa saiwa cikin laka ta miƙe sama ta wuce tsayin mutum, irin kachala da karan ruwa da ake kira bus. Wannan a gefe take farawa, inda ruwa bai da zurfi, ta yi ta matsowa tsakiya shekara bayan shekara.

Ta uku ita ce wadda ba a gani. Tana can ƙarƙashin ruwa, laushi gare ta kamar gashi, ba ka sanin tana nan sai ta naɗe maka koma ko ta shaƙe bakin famfo. A ƙananan tur'o'in Jazira wannan ce ta daɗe tana rage gudun ruwa. Ban da waɗannan ukun akwai gansakuka, wadda ke mayar da ruwan kansa kore kamar miyar kuka. Ita ba a yanke ta da lauje, kuma za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan: tafki ba ya zama lafiya in babu ciyawa ko kaɗan. A cikinta 'ya'yan kifi ke ɓuya, ita ke riƙe gaɓa kada ta zaizaye, ita ke kwantar da laka ruwa ya yi garau. Abin da ake yaƙi da shi shi ne ta mamaye wurin gaba ɗaya.

Sudan ta taɓa yin wannan yaƙi

Baƙuwar kainuwa 'yar yankin kogin Amazon ce a Kudancin Amurka. Kyan furenta ya sa aka yi ta ɗaukarta ƙasa ƙasa ana ƙawata lambuna, ta haka ta shiga Masar tun ƙarshen ƙarni na 19. A Farin Nilu an fara ganinta a ƙarshen shekarun 1950, kuma cikin ɗan lokaci ta cika kogin daga kudu har bakin madatsar Jabal Auliya, wadda aka gama ginawa a 1937 kudu da Khartum. Jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Kosti da Juba suka riƙa maƙalewa, famfunan gonaki suka riƙa toshewa, masunta suka rasa inda za su jefa koma.

Abin ya kai gwamnati ta yi doka ta musamman a 1960 da ta hana ɗaukar shukar ko kai ta wani wuri, aka mayar da Jabal Auliya iyakar da ba a yarda ta ƙetare ba. Shekara da shekaru ana feshin maganin 2,4-D daga jiragen sama da na ruwa, ana kashe kuɗi masu yawa, kowace damina ta dawo. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka shigo da wasu ƙananan ƙwari 'yan asalin Kudancin Amurka kamarta, masu suna Neochetina. Manyan suna gwaguyar ganye, tsutsarsu tana huda ƙafar shukar daga ciki har ruwa ya shige ta ta nutse. Ba su ƙarar da ita ba, amma sun karya ƙarfinta har aka rage feshi ƙwarai a farkon shekarun 1980.

Na kawo wannan tarihi don mutane su san girman abokiyar gabar. Shuka ce da in ta sami ruwa mai ɗumi da taki, yawanta kan ninka cikin kamar mako biyu. Tana haihuwa ta reshe, tana kuma zubar da iri da kan kwanta cikin laka shekara 20 yana jiran ranarsa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, shi ya sa wanda ya taɓa janyo ta zuwa gaɓa ya san nauyinta. Ta shiga tafkin Legas a 1984, tafkin Victoria a ƙarshen shekarun 1980, sannan a 2011 aka tabbatar da ita a tafkin Tana na Habasha, wato ainihin mafarin Shuɗin Nilun da muke sha.

Ruwa ba ya tsami banza

Ciyawa ba ta mamaye ruwa sai ta sami abu uku: abinci, haske, da ruwan da ba ya motsi sosai.

Abincin daga gare mu yake fitowa, kuma wannan ce maganar da ba a son ji a majalisa. Ruwan wanka da wanke-wanke da ke gangarowa daga kwatamin gidaje, sabulun gari, masai da aka haƙa kusa da gaɓa, kashin shanu da awaki a mashaya, tokar murhu, ragowar takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga hawasha, duk waɗannan taki ne. Abin da ke sa dawa ta yi kyau a gona shi ke sa kainuwa ta yi kyau a tafki. Unguwar da ta ƙaru da masu gudun hijira, gida ɗaya ya ɗauki iyali uku, ta ninka abin da take zubarwa ba tare da kowa ya lura ba.

Kwanciyar ruwa kuwa, a Jazira tana cikin tsarin aikin ban-ruwan tun asali. An fara ba da ruwa daga madatsar Sinnar a 1925, kuma an tsara ƙananan tur'o'i su riƙa tara ruwa da dare, da safe a buɗe wa Abu Ishirin, wato ƙaramar magudanar gefen gona, ya kai gonaki. Ruwan da ya kwana a tsaye yana sauke lakarsa, laka ta rage zurfi, rashin zurfi ya ba ciyawa wurin kafa saiwa, ciyawa ta ƙara tare laka. Abin da ke karya wannan zagaye shi ne yasa a kai a kai. A tsari mai faɗin fadan miliyan biyu da ɗoriya (fadan kusan eka ɗaya ne), in aka yi damina ɗaya ko biyu karraka, wato motar yasa, ba ta shiga ba, sakamakon shi ne abin da muka dawo muka tarar. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 bai ƙirƙiro matsalar ba, domin manoma sun daɗe suna kukan ƙishirwar gonakin ƙarshen tur'a, amma ya tsayar da ɗan gyaran da ake yi.

Sai haske, wanda mutane ba su cika kawowa a rai ba. Shuɗin Nilu kogi ne mai jan laka a lokacin cikarsa, kuma wannan duhun yana hana ciyawar ƙasa samun rana na wasu watanni a shekara. Yanzu babbar madatsar Habasha, wadda aka fara cikawa a 2020, tana tare mafi yawan lakar kafin ta iso madatsar Rusairis a Sudan. Ga mai yasar tur'a wannan sauƙi ne. Amma Masar ta ga ɗaya fuskar abin: bayan an gama babbar madatsar Aswan a 1970 ruwa ya yi garau, rana ta kai ƙasa, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta yi yawa a magudanansu. A ganina ya kamata mutanen bakin Shuɗin Nilu su sa ran irin haka.

'Yan uwanmu na Najeriya sun san wannan darasi ta wata hanya. A fadamar Haɗeja da Nguru, bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, kogin da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara. Kachala, wadda rani ke kashewa a da, ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki. Ba wanda ya shigo da ita daga waje. Yanayin ruwan ne ya sauya, ita kuma ta amsa.

Kifin biyu ne, kada a haɗa su

Da farko a gyara suna. Kifin da ake magana a kai Larabawa suna ce masa karb, a Masar kuma mabruk. Saboda kamar sauti wasu na ɗauka karfasa ne. Karfasa ita ce bulti, 'yar gida ce a Nilu, ba ruwanta da wannan batu.

Karb ɗin ma dangi ne babba, kuma biyu daga cikinsu ne suka shafe mu.

Na farko shi ne mai kiwo, mabrukul hasha'ish a bakin mutanen Masar. Asalinsa manyan kogunan gabashin Asiya ne, daga China har kogin Amur. Dogo ne, yana iya wuce mita ɗaya, yana rayuwa fiye da shekara 10. Haƙoransa a maƙogwaro suke, da su yake niƙa ganye. A ruwa mai ɗumi, matashinsa kan ci ciyawa da ta kai nauyin jikinsa a yini ɗaya. Wannan shi ne wanda yaronmu ya gani, Masar ta shigo da shi a tsakiyar shekarun 1970, kuma Sudan ma ta kawo shi daga Indiya a wannan lokacin don gwaji a tur'o'in Jazira. Ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan.

Na biyu shi ne karb na gama-gari, mai ɗan gemu a gefen baki, mai faɗin jiki. Shi ba kiwo yake yi ba, tono yake yi. Yana cusa baki cikin laka yana neman tsutsa, ya tumɓuke saiwa, ya dama ruwa, ya cinye ƙwan wasu kifaye in ya ci karo da shi. Kuma yana haihuwa a ruwan kwance ba tare da wahala ba. A Ostareliya ya bazu a kogunan Murray da Darling bayan ambaliyar tsakiyar shekarun 1970, har ya zama a wasu sassan ya fi duk sauran kifaye nauyi in an haɗa su. Wanda ya je sayen ɗan kifi mai tsawon yatsa, bai san bambancin ba, aka ba shi wannan maimakon wancan, ya ɗebo wa unguwarsu abin da ba zai fita ba.

Yanzu ga amsar tambayar dattijo ta farko. Mai kiwo yana da zaɓi kamar akuya. Ciyawar ƙarƙashin ruwa mai laushi ita ce abincinsa, da ita yake farawa. Baƙuwar kainuwa da kachala da bus suna can ƙarshen abin da yake so, sai yunwa ta matsa masa yake taɓa su, kuma ko ya taɓa ba ya kamo saurin haihuwarsu. Saboda haka in abin da ya rufe tafkinku kainuwa ce ko kachala, kuka zuba wannan kifi, zai cinye ciyawar ƙasa mai amfani ya bar muku wadda kuke kuka da ita.

In ya gama da ita fa?

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma akwai inda aka ga amsarta a fili. A jihar Texas ta Amurka akwai wani tafki mai suna Conroe, arewa da birnin Houston, wanda gidaje suka kewaye. Wata ciyawar ƙarƙashin ruwa ta dame su, masu gidaje suka matsa, aka zuba karb mai kiwo kusan 270,000 tsakanin 1981 da 1982. Cikin kamar shekara biyu ciyawa ta ƙare kakaf, mai cutarwa da mai amfani. Ruwan ya rage haske, kifayen da ke dogara da ciyawa suka ragu, masu kamun kifi suka shiga rigima da masu gidaje, rigimar da ta ɗauki shekaru.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Cikin wannan kifi gajere ne, kusan rabin abin da ya ci yana fita bai narke ba. Takin da ciyawa ta tsotse ta riƙe a jikinta, kifi ya mayar da shi cikin ruwa. In babu sauran ciyawar da za ta sha, gansakuka ce za ta sha. Sai ruwan da a da yake garau a ƙarƙashin ganye ya koma kore mai kauri, wani lokaci da wari, wani irin ma yana da guba ga dabbobi. Ga unguwar da ba ta sha daga tafkin wannan ɓacin rai ne kawai. Ga unguwar da jakunan ga-ruwa ke ɗiba daga nan, a shekarun da kwalara ta yi ta kashe mutane tun daga Agustan 2024, magana ce ta rai.

Wahalar ita ce babu wanda ya iya sa wa kifin nan linzami. In an zuba kaɗan ba a ganin aikinsa, mutane su ƙosa su ƙara. In an zuba da yawa ya share komai, kuma fitar da shi aiki ne, domin yana da wayon koma, yana tsalle ya ƙetare ta.

Sai batun tserewa. Mai kiwo ba ya haihuwa a ruwan kwance. Ƙwansa yana buƙatar dogon kogi mai gudu da ɗumi, ya yi ta yawo da shi kwana ɗaya ko biyu kafin ya ƙyanƙyashe, in ruwa ya tsaya ƙwan ya nutse ya mutu. Wannan labari ne mai daɗi ga tafkin da yake a rufe. Amma wanda ya san Shuɗin Nilu a watan Agusta ya san irin kogin da ake siffantawa. A Amurka, inda aka shigo da kifin a 1963, jihohi da yawa ba sa yarda a zuba shi sai wanda aka mayar juya tun yana ƙwai, da izinin hukuma, da raga a mafitar ruwa. Duk da haka an sami ƙwansa a kogin Sandusky da ke zuba a tafkin Erie. Masuntanmu na Sinja da Rusairis da Mai Wurno, waɗanda abincin gidansu ke rataye da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, suna da haƙƙi a kan duk abin da wani zai saka a ruwan da ke iya haɗuwa da kogi.

Feshi, karraka da gayya

Feshi yana da sauri, shi ya sa yake jan hankali. Amma ciyawar da aka kashe a wuri ɗaya tana ruɓewa cikin ruwa, ruɓewar tana shanye iskar da kifi ke shaƙa, da asuba a tarar da su sun taso ciki sama. Takin kuma yana nan bai tafi ko'ina ba. Masar da kanta ta daina zuba maganin ciyawa a magudananta a farkon shekarun 1990. A ruwan da mutane da dabbobi ke sha, ban ga hujjar wani ya ɗauko ragowar maganin auduga ya fesa ba, kuma na san ana yi.

Karraka tana cire laka da saiwa tare, ita ce maganin tur'ar da ta cushe. Tsadar gas da haya ce matsalarta, sannan direban da ba a tsaya a kansa ba yakan faɗaɗa tur'a ya lalata gaɓa.

Gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir, ita ce abin da ke hannunmu, kuma tana da fa'idar da sauran ba su da ita: duk ɗaurin ciyawar da aka fitar, an fitar da taki daga ruwan ke nan. Sai dai a yi ta da sani. Kachala a yanke ta ƙasa da saman ruwa, yadda kututturen zai zauna a nutse, domin ta cikin karanta take shaƙar iska zuwa saiwa. Wanda ya sare ta a sama aski kawai ya yi mata, ƙona ta kuma yana ƙara mata ƙarfi. Kainuwa a tattaro ta da igiya ko dogon gora tun tana tsibi-tsibi, a kai ta nesa da gaɓa inda ruwan sama ba zai dawo da ita ba. In ta bushe ta ruɓe taki ce mai kyau ga lambu, ganyen kachala kuma ana tabarma da jinka da shi.

Akwai haɗarin da dole a faɗa. Ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya a jikin ciyawar nan suke zaune, kuma Jazira ta daɗe da sanin wannan cuta, ita da zazzaɓin cizon sauro ne suka sa aka kafa shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979. Ƙwayar cutar ta fi fitowa daga katantanwa in rana ta ɗaga zuwa azahar. Don haka a shiga da sassafe a fito kafin hantsi ya yi zafi, a sa takalmin roba, a hana yara shiga, kuma duk wanda ya yi aikin ya je a auna shi bayan wasu makonni, maganin praziquantel yana warkarwa.

Tafkin na waye?

A nan ne yawancin yunƙuri ke mutuwa. Mai lambu yana son ruwa ya gudana, ko da ba ciyawa ko ɗaya. Masunci yana son a bar masa gefe inda kifi ke ƙwai. Mai shanu yana son mashaya. Matan da ke wanki suna son gaɓa a buɗe don macizai da sauro, su ne kuma suka fi kowa sanin inda kwatamin kowane gida ke zuba, amma da wuya a kira su wurin shawara. Mai gidan da ke can nesa da ruwa yana tambaya don me zai ba da kuɗi.

A matakin babban tsari an gwada miƙa wa manoma kula da ƙananan tur'o'i. Dokar Jazira ta 2005 ta kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, gyaran 2014 ya soke su. Ana ta musu a kan dalili, amma abin da na fahimta daga manoma shi ne an ba su nauyi ba a ba su kayan ɗaukarsa ba. Lajna, wato kwamitin unguwa, ita ma haka za ta ƙare in ta tsaya ga tara kuɗi sau ɗaya.

Mu Hausawa muna da abin da za mu dogara da shi a nan. Sarautar Sarkin Ruwa ba ado ba ce a asalinta: shi ke cewa an rufe wuri kaza, shi ke cewa an buɗe, kamar yadda ake killace Matan Fada a Argungu har ranar bikin kamun kifi. In har za a zuba kifin kiwo, ba tare da irin wannan doka ba 'yan koma za su kwashe shi cikin wata guda, domin nama ne mai daɗi. Sai an amince wa zai tsare, yaushe za a kama, kuɗin ya shiga asusun wa.

A ra'ayina akwai tafkin da kifin nan ya dace da shi. Shi ne wanda ciyawar ƙarƙashin ruwa ce ta dame shi, wanda ba ya haɗuwa da tur'a ko kogi ko da a babbar damina, wanda aka riga aka kau da kwatami daga bakinsa. A irin wannan, a je wurin jami'an kifi na jiha su tabbatar da irin da halaccin zuba shi, a sayi wanda ya kai santimita 25 zuwa 30 don kada tarwaɗa da tsuntsaye su cinye, a fara da kaɗan, a jira shekara guda a gani kafin a ƙara. Wanda bai cika waɗannan ba, gayya da gyaran kwatami sun fi masa.

A unguwarmu, da aka shiga da kwalekwale aka duba, an tarar kachala ce ta cinye gabas da kudu, tsakiya kuma ciyawar ƙasa ce. An yi gayya Juma'a biyu a kan kachalar, an haƙa rami mai tsakuwa a ƙarshen manyan kwatamai biyu, an mayar da mashayar dabbobi gefe ɗaya. Maganar kifi an ɗage ta zuwa kaka, kuma yaron da ya kawo ta shi aka ɗora wa zuwa ofishin kifi ya yi tambaya. Akwai wata kwari a arewacin tafkin da tsofaffi ke cewa a shekarar ambaliyar 1988 ta nan ruwa ya bi ya faɗa magudanar da ke zuwa kogi. Dattijon masuncin ya kafa turke a wurin, ya yi masa tsaga da wuƙa daidai kan gaɓa, ya ce kowace safiya ta damina za a zo a duba.